Wanda ya riƙe wa Yasir wuri

Jiya wani dogon saurayi ya yi sallama a gidanmu na unguwar Hindawiyya, riƙe da rigar wasan ɗana Yasir.

Shi ƙungiyar ƙwallon kwando ta ɗauka da Yasir ya ji ciwo a gwiwa, kafin rasuwarsa. Na daɗe ina ƙullace da shi.

Ya miƙo mini rigar. Na ce, "Kai ka ture ɗana daga ƙungiyar?"

Ya ce, "Khala," wato inna da Larabci, "ba a cire sunansa ba. Albashin ƙungiya yana da iyaka. Nasa bai tsaya ba, ragowar aka ba ni, in riƙe masa wuri har ya warke."

Na mayar masa da rigar, na ce ya ci gaba da riƙewa.

Kun taɓa ƙullatar mutum ba ku ji ta bakinsa ba?