Ranar da Aka Zura Matalo a Rijiya

Duk wanda ya zauna a unguwar Birketeri ta Yawunde ya san Baba Sali, ko da bai san sunansa na yanka ba. Matalo ake ce masa, wato sojan ruwa a bakin masu Faransanci, kuma har liman haka yake kiransa. Gajere ne mai gwamen ƙafa, yana tafiya yana rangaji kamar ƙasar ce ke motsi a ƙarƙashinsa. Shi ya ce jirgi ne ya koya masa wannan tafiya. Matarsa Inna Kulsum ta ce da ita ta same shi.

Mutumin Marwa ne, inda kogi ma rabin shekara yashi ne. Yana saurayi ya je shiga soja, ya tarar da layi biyu, ɗaya a rana, ɗaya a inuwar darbejiya. Ya bi na inuwa. Sai da mota ta sauke su a Duwala, ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, sannan ya tambayi na kusa da shi wai wane irin soja suka shiga. Haka ya yi shekara ashirin da biyu.

Da ya ajiye aiki sai ya tare a Birketeri, bayan layin teloli, da akwatin ƙarfe ɗaya da usur a wuya. Tun daga ranar unguwa ba ta ƙara hutawa ba. Shi ne share masallaci, shi ne yashe kwata kafin damina. In ana suna ko ɗaurin aure shi ke kafa rumfa, kuma rumfar da Matalo ya ɗaure, iska sai dai ta gaishe ta ta wuce. Igiya kam ya san ta. Yakan tsaya a gaban mai tsire ya kwance masa ƙullin tanti ya sake ɗaurawa, ba wanda ya roƙe shi, yana yi yana mita.

Da la'asar kuma a teburin mai shayi yakan ba da labarin teku. Kifin da ya fi motar haya, igiyar ruwan da ta fi hasumiya. Mu kuwa yawancinmu 'yan tudu ne, ruwanmu na guga ne da na buta. Sai muka ƙara masa da namu, har aka wayi gari ana cewa Matalo yana iya yin sallar azahar a ƙarƙashin ruwa. Bai taɓa faɗin haka ba. Bai kuma taɓa ƙaryatawa ba, sai ya kurɓi shayi ya dubi sama.

Sai aka shiga shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka koma sayar da gyaɗa da yamma, teloli suka koma ƙwaƙular haƙori a bakin keken ɗinki. Famfon unguwa ya yi tari kwana biyu, ya yi shiru. Kowa ya koma kan tsohuwar rijiyar bayan masallaci, gaba goma sha biyu, baƙi ƙirin. Da ita ake sha, da ita ake alwala, da ita masu tsire ke wanke nama. Matalo ya naɗa kansa sarkinta. Ya tsara layi, ya raba lokacin mata da na maza, wanda ya tsallake layi ya sha usur a kunne.

Kwana uku kafin Babbar Sallah, Haman mahauci, abokin zamansa kuma abokin faɗansa, ya sayo rago daga kasuwar Etudi ya ɗaure shi a jikin turken rijiya, don ya shiga ya yi sallar asuba.

"Haman, wannan ƙullin naka ko kaza ba zai riƙe ba," in ji Matalo.

"Shekara talatin ina ɗaure dabba, ɗan kifi. Je ka ɗaure jirginka."

Ana sallamewa aka ji fanjam. Kafin mutane su fito, rago ya riga ya bar duniya a ƙasan rijiya.

Aka zura ƙugiya, ta kamo gashi ta saki. Aka sake, ta fito da tsohon takalmi. Ƙahon ragon ya maƙale a tsakanin duwatsu. Mai haƙar rijiya ɗaya da muke da shi tuni kiriz ta kora shi gida Arewa. Liman Malam Awwal ya leƙa ya ɗago, ya ce maganar ba ta da tsawo: in mushen ya kwana ya kumbura ruwa ya sauya, to ba sha ba alwala, sai dai a rufe rijiyar. Dole wani ya sauka yau ya ɗaura masa igiya a ƙaho.

Ba wanda ya damu. Ai muna da Matalo. Mata ma har sun fara guɗa.

Baba Sali ya cire hula ya mayar. Ya ce ruwan rijiya daban, ruwan teku daban. Ya ce bai karya kumallo ba. Ya ce kayan aikin suna Duwala. Inna Kulsum tana tsaye da bokiti a bayan mata, ta ce, "Malam, ko dai ka gaya musu, ko ni in gaya musu."

Matalo ya dubi rijiya, ya dubi layin bokitai da ya kai har bakin titi, babu ko ɗigo a cikinsu.

"Jama'a," ya ce, "ban iya ruwa ba."

"Ba ka iya me ba?" in ji Haman.

"Iyo. Ban iya ba. Kuku ne ni a jirgi. Shekara ashirin da biyu ina tsakanin tukunya da igiya. Duk ranar da za a gwada mu a ruwa, sai in ce ba ni da lafiya. Ruwan da ya wuce gwiwata ban taɓa shigarsa ba."

Haman ya zauna daɓas a ƙasa, ya manta da ragonsa, yana dariya har da hawaye. "Kifin da ya fi mota fa?"

"Na gan shi mana! A faranti."

Liman ma sai da ya rufe baki da gefen rawani. Amma dariya ta ƙare, rago yana nan, rana tana hawa. Aka dubi majiya ƙarfi, kowa ya ce shi ma ɗan tudu ne. Sai Matalo ya tuɓe riga ya miƙa wa matarsa.

"A kawo igiya. Ruwa ban san shi ba, amma ƙullin da na yi da hannuna ba zai sake ni ba. Haman, kai kada ka taɓa ta. Na ga aikinka."

Ya ɗaure kansa ta cinyoyi da ƙirji, ya ja kowane ƙulli sau uku, ya zaɓi mutum shida su riƙe. Ya yafe wa kowa, ya nemi a yafe masa, ya ce akwatin ƙarfen na Kulsum ne. Aka fara zura shi. Tun daga gaba ta biyu yake salati, a ta biyar ya koma Fulatanci, a ta takwas ya koma Faransancin jirgi: "Dusuma! A hankali, 'yan banza, dusuma!" Da ƙafarsa ta taɓa ruwa ya saki ihun da aka ce an ji shi har unguwar Tsinga.

Sai shiru. Inna Kulsum ta ajiye bokiti.

"Matalo!" liman ya kira. "Kana raye?"

Murya ta taso daga ƙasa, a sanyaye. "Ina tsaye."

"A kan me?"

"A kan ƙasa. Iya cibiya ne."

Ya ɗaure ragon a ƙaho aka jawo, sannan aka jawo shi, yana rawar ɗari, leɓe fari fat. Aka yini ana kwarfe ruwa har liman ya ɗanɗana ya ce ya yi. Kafin magariba mata sun cika bokitansu.

Washegari ya zo teburin shayi a makare, yana jiran a kashe shi da ba'a. An kuwa yi, ba a rage masa komai ba, har ya mutu ana yi. Sai dai mai shayi ya tura masa kujerar da ba ta girgiɗi, wadda da liman kaɗai ke zama a kai. Kifayen labarinsa suka ragu zuwa girman tukunya, ya koma ba da labarin yadda ake dafa wa mutum arba'in shinkafa jirgi yana tangal-tangal, kuma wallahi wannan ya fi daɗi.

Ya yi wa rijiyar murfin katako da kwaɗo, ya riƙe mabuɗin shekara talatin. Famfo ya dawo, ya sake tafiya, ya sake dawowa, rijiya tana nan da tsabtarta. Har ya haura tamanin, idanu sun dushe, yana gane wanda ya tsallake layi da ƙarar takalminsa.

Ya rasu yana da shekara tamanin da bakwai, da hantsi, bayan ya gama yi wa wani faɗa a kan ƙullin guga. Da ruwan rijiyarsa aka yi masa wanka. Haman ya tsufa ƙwarai, ba ya iya ɗaga buta, amma ya sa aka kawo shi ya zauna a bakin ƙofa. Da ya ji an fara zuba ruwa sai ya ɗaga murya:

"Ku zuba a hankali, ku riƙe shi da kyau. Bai iya ruwa ba."