Murɗe da Sukudirebarsa

Sukudireba ɗaya Murɗe mai injin markaɗe ya mallaka a duniya, mai faffaɗan baki. Da ita yake kwance sukuru, da ita yake ɓalle gwangwani, da ita yake sosa baya, in kuma mai kawo markaɗe ya yi masa tsageranci, da ita yake nuna masa ƙofa.

Sukurorin murfin injinsa kuwa masu kan tauraro ne. Ko mai gyaran rediyo ya san kowane sukuru da tasa: mai tsaga ɗaya a ba shi mai baki, mai tauraro a ba shi sita, kuma daidai girmansa. Murɗe sai ya cusa kusurwar tasa a ramin, ya danne da ƙirji, ya murɗa har ƙarfe ya yi kuka. Kawunan sukurorin na cinyewa, shi ko a jikinsa.

Kafintan da ke shagon kusa ya taɓa yi masa magana.

"Maƙwabci, ari sitata mana. Kana yi wa sukurorin nan aski tal-kwabo."

"Ƙarfe ba ya jin lallami," in ji Murɗe. "Kai ma haka."

Magana ta jawo magana, ya kai wa kafinta naushi, haƙorin gaba ya faɗa cikin garin katako. Gaisuwa ta mutu a tsakaninsu.

Ran da abin ya faru, matarsa ce a kan injin. Tattasai ya toshe, ta sa hannu ta tura, injin ya kama yatsunta ya ja. Murɗe na waje yana zagin wani mai babur. Ya faɗo ciki ya kashe injin. Injin ya haɗiye har wuyan hannunta, jini na bin markaɗe cikin bokiti, ba ka gane wane ja ne wane.

"Baban yara, buɗe murfin," ta ce. "Ba kallona na ce ka yi ba."

Ya zaro sukudireba ya danna. Ramin ya zama kwano, babu abin kamawa. Ya ƙara ƙarfi, ta zame ta tsire tafin hannunsa na hagu. Ya fizge ta, ya koma sukuru na biyu, ta zame ta yage wa matar damtse.

Kafinta ya shigo da sita a hannu. Ya sa ta a ramin, ta yi ta juyi kamar cokali a kofi.

"Ka cinye su duka," ya ce.

Murɗe ya shaƙe masa wuya ya haɗa shi da bango. Matar ta ɗauki ludayin ƙarfe da hannunta mai lafiya ta kwaɗa wa mijin a ƙeya.

"In kun gama kashe juna, hannuna yana nan inda kuka bar shi."

Kafinta ya koma yana tari, ya ɗauko zarton ƙarfe. Ya shiga yanka sabuwar tsaga a kan kowane sukuru, duk jan zarto injin ya girgiza, matar ta ciji mayafinta. Murɗe na riƙe da ita yana jin nauyinta na ƙaruwa a ƙirjinsa. Da tsagar ta samu, Murɗe ya sa sukudirebarsa ya murɗa, murfi ya buɗe. Yatsun sun riga sun yi baƙi.

A asibiti aka cire biyu. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, da ɗaya ya tsira. Murɗe ya zauna bakin gado da nasa bandejin.

"Amma dai kin gani," ya ce, "ƙarshenta tawa ce ta buɗe."

Ta dube shi ta yi murmushi.

"Matso, Baban yara, in gaya maka wani abu a kunne."

Ya sunkuyo. Ta sa goshi ta fasa masa hanci.