Yarinyar da ke Shafin Ƙarshe

Goggona, yayar babana, ko kaza ba ta iya zanawa da ka. Sai ta ga abu a gabanta. In littafi ya ce rago, a jawo mata rago har bakin taga. In ya ce masunci, ta tsayar da mai gadin coci ta ɗora masa gidan sauro a kafaɗa, ya yi ta gunaguni har ta gama. Haka ta ƙare ƙuruciyarta a ɗan ɗakin da ke bayan maɗaba'ar cocinmu, tana zana hotunan littattafan yara. Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne: tebur mai gangara, gwangwanayen madara cike da burushi, taga ɗaya, sai ƙarar injin buga littafi da ke girgiza ruwan wanke fenti. Kowa Mai Zane yake ce mata, har fasto.

Mu yaran unguwa duk mun shiga littafi. Ni ce mai riƙe da fitila, wani maƙwabcinmu mai ƙaton kai shi ne makiyayin da tunkiyarsa ta ɓata. Ladanmu alewa ce, da ranƙwashi ga wanda ya motsa.

Littafin da ya fi kowanne karɓuwa wani ɗan ƙarami ne mai gaya wa yara inda mai bi yake zuwa in ya mutu. Littafin sama muke ce masa. A shafinsa na ƙarshe akwai lambu da kogi, Yesu yana zaune ya miƙo hannuwa. Hannuwan na mijin Goggo ne, kafinta, har da tabon guduma a babban yatsa. Fuskar kuwa ta ɓoye ta cikin haske. A tsakiyar shafin wata yarinya ta nufe shi a guje, ta waiwayo tana dariya kamar mai cewa ku yi sauri mana. 'Yar Goggo ce tilo, wadda muke kira 'Yar Tsalle don ba ta iya zama wuri ɗaya. Ga wushiryarta, ga goshin nan na gidanmu, ga kitso ɗaya da ya warware.

Littafin bai shekara da fitowa ba zazzaɓi ya ɗauke ta.

Ba a gama zaman makoki ba magana ta fara yawo, wai Mai Zane ce ta kai 'yarta sama da hannunta. Masu faɗa kuwa su ne waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen amin. Har gobe ina jin haushinsu. Fasto ya yi wa'azi a kan camfi, kowa ya gyaɗa kai, amma daga ranar in Goggo ta leƙo taga, uwa sai ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta ja hannun ɗanta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita kanta Goggo ba ta taɓa musawa ba. Ta ci gaba da aiki, amma duk yaron da ta sake zanawa a sama, ƙeya yake ba mutum. Shi kuwa shafin nan ba ta ƙara buɗe shi ba.

Shekaru suka ja. Kafinta ya rasu, na yi aure, na zama malamar makarantar Lahadi, ina karanta wa yara littafin nan dai. Asalin zanen ruwa ya cinye shi wata shekara da rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, don haka duk sabon bugu daga tsohon bugu ake ɗauka. Kowane karo fuskar sai ta ƙara dushewa. Wushiryar ta fara tafiya, sannan idanun suka zama ɗigo biyu. Ni da nake buɗe shafin duk mako, sai nake ji kamar yarinyar tana ƙara nisa cikin lambun. Ba ta da hoto ko ɗaya a duniya in ba wannan ba, don ba a samu ɗaukarta ba.

Sai sabon manajan maɗaba'a, wani saurayi mai ladabi da bai san komai a kan labarin ba, ya shigo ɗakin ina nan.

“Mama, shafin nan ya mutu,” in ji shi. “Ko ki sabunta mana shi, ko mu sa wani daga kwamfuta.”

“Ba wanda zai cire ta,” Goggo ta ce. “Zan sabunta.”

Ta gyara tabarau ta zauna. Kullum na biyo da rana sai in tarar da kwando cike da takardun da ta yayyaga. Wata rana ta ajiye fensir ta ce, “'Yar nan, na rufe ido in gan ta, ɗigo biyun nan nake gani. Uwa ce ni kuwa?”

Ni na san maganin abin, ita ma ta sani. Autata tana da goshin nan da wushiryar nan, har rashin zaman. Tun tana jaririya Goggo ba ta iya kallonta ido cikin ido. Ba ta roƙe ni ba, kuma na san ko za ta mutu ba za ta roƙa ba. Ni kuwa mai koya wa yara cewa rai a hannun Ubangiji yake, da na taɓa goshin Auta na ji ɗumi sai camfin nan ya faɗo mini a rai. Tsoro na ji, tsoro sosai, na kuma ji haushin kaina da na tarar ashe ba ni da bambanci da matan nan.

Duk da haka wata safiya na yi mata kitso na kai ta.

“Goggo, ga ta.”

“Kin tabbata?”

“Ban tabbata ba. Ki zana kawai.”

Auta ta hau kujera tana kaɗa ƙafa. “Kaka, ni ma za a sa ni a sama?”

Goggo ta kama haɓar yarinyar ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana kallo, fensir yana hannunta amma bai taɓa takarda ba. Hawaye suna bin kuncinta, tana murmushi. Can ta ce, “Yauwa, haka take.” Ta ba yarinyar alewa ta ce mu tafi gida, ta kuma ce in aiko mata da madubin ɗakina.

Da sabon bugu ya fito, a tsaye na buɗe shafin ƙarshe a bakin maɗaba'a, tawada ko bushewa ba ta gama ba. Lambun yana nan, hannuwan kafinta suna nan. 'Yar Tsalle tana tsakiya da kitsonta warwararre, amma ta daina waiwaye, ta ba mu ƙeya ta nufi gaba. Fuskar da Goggo ta yi ta yaƙi a kai, da kanta ta sake ta. A gefen shafin kuma, bakin ƙofar lambun, wata tsohuwa mai tabarau tana tsaye da fenti a yatsunta, fuskarta a fili, ba wanda zai gan ta bai gane ta ba.

Na same ta tana wanke burushi. “Goggo, me kika yi haka?”

“Wannan fuskar dai ba ta kowa ba ce, ban kuwa roƙi uwar kowa ba.”

An sake buga littafin nan ba sau ɗaya ba tun lokacin. Auta ta yi girma har ta fi ni tsawo. Idon Goggo ya tafi, ta bar aiki, ta dawo ɗakin da ke kusa da nawa. Kullum da safe kafin in ɗora ruwa sai na tsaya a ƙofarta in kasa kunne, sannan in ƙwanƙwasa. Rannan ta gaji da ni.

“Shigo, ina nan,” ta ce. “Ki daina laɓe. Zane ba ya kisa, 'yar nan. Ai na gwada.”

Ta shafa bangon littafin da ke cinyarta.

“Ashe ba ni ce na kai ta ba,” ta ce. “Amma da zanen ya ɗauke ni, da yanzu na ga fuskarta.”