Feshi a Gidan Likitan Haƙori

Da na gama elementare, kawuna ya samar mini aiki a ƙarƙashin duba-gari, cikin masu feshin maganin sauro. Kullum da safe nakan taso daga Kurmin Mashi a keke, in sa kaki, in ɗauki famfona. Ƙa'idar aikin ba wuya. A fitar da abinci da ruwan sha, a rufe tagogi, mu fesa bango, sannan mu fito mu kulle ƙofa har maganin ya kama.

A layin gidajen Turawa akwai wani likitan haƙori da matarsa da 'yarsu ƙarama. Ranar da muka fara zuwa, abokin aikina ya shiga rufe tagogi daga waje, bai san uwargidan na ciki ba. Ko ƙara ba ta yi ba. Ta fito da yarinyar a kafaɗa, ba takalmi, ta wuce mu ta je bakin titi ta tsaya.

Kukunsu, wani dattijo Bazazzagi, ya ce, "Kai ɗan duba-gari, kwashe tarkacenka. Gidan nan ba a feshi."

Na ce, "Baba, damina ce fa, ga ƙaramar yarinya. Sauro bai san Bature ba."

Ya ce, "To, ka fi uwarta sonta ne?"

Abin ya tsaya mini a rai. In zazzaɓi ya kama yarinyar, a layina ne. Washegari na koma ni kaɗai. Likitan ya fito, ya yi mini bayani da Hausarsa ta kasuwa. Ya ce su Yahudawa ne. Mahukuntan Jamus sun fara hana su aiki da makaranta, da yaƙin duniya ya zo kuma suka riƙa kwasar su a taragun dabbobi zuwa sansani. A can sai a ce wa mutane za a kashe musu kwarkwata, su tuɓe su shiga ɗakin wanka. Masu kaki su kulle ƙofa daga waje, su sako iska mai guba. Mahaifiyar matarsa da ƙannenta haka suka tafi. Ita an ware ta ne don aikin ƙarfi.

Ban san yadda ake yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya ba, ina tsoron kada in faɗi abin da bai halatta ba. Na ce, "Allah ya ba da haƙuri." Can na ce, "Amma likita, sauron fa?"

Ya shiga ciki, suka daɗe. Da ya fito ya ce matarsa ta yarda, amma ni kaɗai, in cire rigar kaki, kuma kada a rufe ko taga ɗaya. Makullan gidan a hannunta za su zauna.

Haka na yi feshin, daga ni sai singileti, tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Na san iska za ta kwashe rabin maganin. Saboda haka duk mako nakan biyo in zuba baƙin mai a kwatar bayan gidan, in cike duk ramin da ruwa ya kwanta, in leƙa kicin in tambayi jikin yarinya.

Da damina ta janye kukun ya ce, "Lafiyarta ƙalau, ko atishawa ba ta yi ba. Kai ne dai ka rame."