Zaren Awon Wuya

Ƙarfe tara na safiyar wata Laraba, a ajinmu na elementare a Sabon Birni, malama ta ce wuyana ya kumbura. Maƙoƙo ne, ga kasala da jin sanyi. Kakata ta karɓo saiwoyi daga Gangara tana jiƙa mini. Ni kuwa na yanki zare daidai wuyana, ina gwadawa duk Juma'a.

Bayan wata biyu zaren ya yi sako-sako, amma dutsen wuyana sai ƙara shaƙe ni yake. Na duba ƙullin zaren, ba irin nawa ba ne. Kwana uku ina zargin kowa kafin na tambayi kakata.

Ta ce, "Ni na musanya shi, 'yar boko, don hankalinki ya kwanta ki samu ki ci tuwo. Saiwar ba ta yi ba. Gobe za ni kai ki asibitin hukumar En'e a Isa."