Ranar da Aka Ɗaure Yagana a Motar Ba Modu

Wata Laraba ce cikin daminar da nake aji huɗu na firamare. Muna cirar ciyawa a gonar wake a bayan ƙauyenmu, can gaba da Khaddamari, sai na ga yayata Yagana ta yar da fartanya ta durƙusa, ta dafe gefen cikinta na dama. Ni da bakina da ba ya shiru, na ce ɗanyar gyaɗar da ta ci ba ta sam mini ba ce take kama ta. Ta harare ni, ta yi dariya, ta miƙe ta ci gaba da aiki. Ita ce mai yi mini kitso, mai ɗaukar babbar jarka in mun je rijiya, kuma duk unguwarmu babu mai cin ta a carafke. Ban taɓa ganin ta kwance da rana ba.

A gidanmu Kaka ce alƙalin ciwo. Ta taɓa goshi, ta danna ciki, sannan ta yanke hukunci: "Wannan bai isa gari ba." Gari kuwa Maiduguri ke nan, inda asibiti yake. Kada wani ya ce mini jahilci ne, don na gaji da jin wannan magana. Mun san asibiti sarai. Hanya ce ta fi ƙarfinmu. Da damina laka takan cinye ta, sai an sa mutum a amalanke an kai shi bakin tudu, inda a-kori-kurar Ba Modu take tsayawa sau ɗaya da safe, shaƙe da buhuna da awaki da 'yan kasuwa. Wanda ya raka mara lafiya ya bar gona ke nan a tsakiyar noma, ya je ya kwana a barandar asibiti. Shi ya sa tun muna ƙanana muka koyi haɗiye ciwo, ana yaba wa yaron da ba ya kuka.

Ba Modu kuma yana da tasa dokar. Kafin ya ɗauki mara lafiya sai ya leƙo ta taga ya tambaya: "Zai iya zama?" Na kwance ba ya ɗauka, wai yana cinye wurin kaya, kuma in ya cika a hanya shi za a tsare da tambayoyi. To ku duba mini wannan tarko, don Allah. Muddin kana iya zama, a gida a ce ciwonka bai isa gari ba. Ranar da ka kasa zama, mota ta ce ba ta ɗaukar ka.

Ranar Alhamis Yagana ta wuni tana amai, aka ba ta jiƙo da ruwan kanwa. Safiyar Juma'a Baba ya riga ya ɗaure wa shanu amalanke, sai ta ce ciwon ya lafa, har ta nemi kunu. Muka yi ta hamdala, aka kwance shanun, mota ta tafi abinta. Daga baya ne muka ji cewa wannan sauƙin shi ne alamar abin ya fashe a ciki. Wa zai gaya mana? Kafin gari ya sake wayewa jikinta ya yi zafi rau, cikinta ya ƙame kamar ƙwarya.

Da muka isa bakin tudu, Ba Modu ya leƙo ya yi tambayarsa. Kafin kowa ya buɗe baki, Yagana da kanta ta ce, "Zan zauna, Ba Modu." Iya, mahaifiyarmu, ta hau kan buhu, aka jingina mata Yagana a ƙirji, ta ɗaure su tare da zane don kada ta sulale. Ni na riƙe ƙafafunta. Duk ramin da motar ta faɗa ina jin yatsunta suna naɗewa a hannuna, amma ko nishi ba ta yi ba, don kada a sauke mu.

A asibiti wata nas ta duba ta, ta juyo kan Iya ta ce, "Ku mutanen ƙauye sai mutum ya kusa mutuwa kuke kawo shi." Iya, da Hausarta ba ta nuna ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "A yi haƙuri." Wallahi har yau in na tuna wannan ban haƙurin sai zuciyata ta tafasa. Matar da ta ɗauro 'yarta a jiki tun daga daji, ita ce kuma mai laifi. An yi wa Yagana aiki, likita ya ce afendis ne, amma ba ta kai la'asar ta washegari ba.

Yanzu a unguwar Limanti, cikin Maiduguri, nake zaune da iyalina. Bara ɗana ya dafe gefen cikinsa na dama, na fita ƙofar gida na tsayar da Keke Napep, kafin ya gama kukan mun isa asibiti. Ciwon nan ne dai. Aka yi masa aiki, bayan 'yan kwanaki yana neman a kawo masa ƙwallonsa. Maƙwabta suna ta yi mini barka, ni kuwa na koma bayan ɗakin jinya na yi kukan da ba na murna ba. Da a nan aka haife mu, da Yagana ce za ta taya ni jinyarsa.