Ƙafar Motar Baba

Motar Baba ba ta dace da ƙasarmu ba ko kaɗan. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ga doguwar gaba, rufinta na tamfol, cikinta kuma ya kusa shafar ƙasa. A wurin wani Bature ya saye ta tun yana sabon malamin gona a Daudawa, kafin a haife ni. Don gudu a kan kwalta aka ƙera ta, sai ga ta ta tsufa tana bin hanyoyin gona.

Da ciwon suga ya fara cin idon Baba, tuƙi ya dawo hannuna. Bai taɓa cewa ba ya gani ba. Ina! Cewa ya yi gwiwarsa ce ke ciwo. Ni ne ɗansa na fari, ba ya kama sunana, sai dai ya miƙo makulli ya ce, "Kai, zo ka ja mu." Duk ranar kasuwar Yankara sai mun je gaida yayarsa, Gwaggo. Wannan kafin tafiya a hanyoyinmu ta zama abin fargaba ke nan.

Gaban motar ya daɗe da kwancewa, kuma kowane wuri da irin ƙarar da take yi. Da wannan ƙara Baba yake ganin hanya. In ta yi ƙwas ta hagu, mun taka saiwar tsamiyar bakin gari. In ta ɗauki karkarwa mai tsawo, muna tsakiyar gonakin masara, sai ya juya kai ya ce, "Masarar nan taki take so." In ta yi nishi ta dunguri ƙasa, mun zo ramin da ke gaban kwalbati, inda abokansa ke zama ƙarƙashin darbejiya. Nan take zai ɗaga hannu, su amsa da "Malam, a sauka lafiya!" Har gida nake jin suna cewa idon Malam garau yake. Ya fi son wannan magana da tuwon dare.

Ni kuwa da ke riƙe da sitiyari na san abin da hannuna ke sha. In na murɗa dama, sai motar ta yi shawara tukun. Tayun gaba sun cinye ta ciki. Wata rana muna dawowa ta fizge da kanta, saura ƙiris mu kwashe wani mai babur da ya goyo mace da jariri. Da muka iso gida na faɗa wa Baba cewa ba zan ƙara jan ta a haka ba.

"Ƙarar nan na san ta, ita ma ta san ni," in ji shi. "Mi ta yi maka?"

"Baba, taya za ta fita! Mutum za mu kashe!"

Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Sai ya ce, "To ku ɗaure ta. Amma kada ku kashe mata murya."

Na san abin da yake tsoro. In motar ta yi shiru, ba zai san inda yake ba, kuma mutanen darbejiya za su gane. Na kuma san babu yadda za a yi a ɗaure ƙafar mota a bar mata ƙara.

Garin Kankara na lallaɓa da ita, wurin wani tsohon bakanike da ya saba taɓa ta. Ya ɗaga gaban da jak, ya ce in kama taya sama da ƙasa in girgiza. Wallahi kamar haƙorin tsoho. Boljoyin, wato ƙwallon ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya cinye har yana wasa a gurbinsa. Robobin da ke tsakanin ƙarafa sun zama gari, wasu ma babu su. Shokozoba duka biyu, masu shanye girgizar hanya, sun zubar da mansu tuntuni, da yatsa biyu nake tura su.

Na tuɓe riga muka shiga aikin tare. Notocin sun yi tsatsa, sai da muka jiƙa su da baƙin mai, wani ma sai da aka gasa shi da wuta kafin ya yarda. Sifana ta kuɓuce ta ɓare mini ɗan yatsa, na zagi motar, na zagi Baturen da ya kawo ta. Kayanta ba a samun su a kasuwa, don haka boljoyin da shokozoba na wata mota aka auna aka samo daga Kano. Robobin kuwa bakanike ya yanka su daga tsohuwar tayar babbar mota, ya huda, muka shafa sabulu muka dinga dannawa. Ya hana ni ƙarasa ɗaure notocin sai da aka sauke ta ƙasa ta zauna da nauyinta.

A hanyar dawowa na ji motar da ban taɓa sani ba. Inda na nuna mata nan take bi. Na ji daɗi ƙwarai, daɗin kuma yana ba ni kunya.

Ranar kasuwa Baba ya sa babbar riga ya shiga. Muka taka saiwar tsamiya, ko tari motar ba ta yi ba. Muka ratsa gonakin masara, bai juya kai ba. Ya ɗora tafin hannu a kan ƙofa, ya cire, ya dafa ƙarƙashin kujera, yana laluben abin da babu. Tausayinsa ya kama ni.

Da na hango darbejiya da mutane a ƙarƙashinta, sai na ga ashe an cike rabin ramin, abin da ya rage yana can ɗaya hannun. Na karkata sitiyari, na bar hannuna, na jefa sabuwar ƙafar cikin ramin. Motar ta yi tsalle. Baba ya ɗaga hannu, aka amsa da "Malam, a sauka lafiya!"

Da muka yi nisa da su, sai Baba ya juyo wajena.

"Kai, ramin nan ba a hannunmu ka same shi ba. Na ji ka ratse."

Na ci gaba da tuƙi.

"Kada ka ƙara. Kun sha wahalar aikin nan." Ya gyara zaman hularsa, ya fuskanci gaba. "Ni fa ba na gani. Faɗa mini, ina muke?"

Na ce masa mun kusa hawa kwalta, ga wasu mata nan da ƙoren nono a ka.

"Su nawa ne?" in ji shi.